Kashi na 23: Hura a Wurno, kifi a Goronyo, da dandalin da dare ya cinye

Ga waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba kawo muku.

Tun farko bari in yi gargaɗi: shirin yau na ciki ne. Wanda ke azumin nafila ya ajiye wayarsa sai bayan magariba, kada ya ce ni na karya masa. Kwana uku na yi ina yawo tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo, a gabashin jihar Sakkwato, niyyata kawai in ci in sha in zo in ba ku labarin inda ake dafa abin kirki. Na ci kuwa, Alhamdulillahi. Amma na dawo da wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma ita ce ainihin shirin. Za mu zo kanta. Mu fara da abinci.

Na bar cikin garin Sakkwato da sassafe a motar haya. Zangon farko Achida, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Wurno, garin da kowa ya sani da kasuwar dabbobi da hatsi. Ga wata dabara da zan ba ku kyauta: in ka sauka garin da ba ka sani ba, kada ka tambayi kowa inda nama ya fi daɗi. Ka duba inda direbobi ke tsayawa. Direba yana bin hanyar nan kullum, ya ci na kowa, kuma ba ya komawa wurin da aka taɓa cutarsa. Inda na ga motoci uku sun yi layi, nan na nufa.

Balangun akuya ne, an baza shi a kan waya, wutar a hankali, ba wadda za ta ƙona waje ta bar ciki ɗanye ba. Mai naman ya yanka mini ɗanɗano a bakin wuƙa kafin in ce uffan. Af, wannan jar akuyar tamu ta Sakkwato ba ƙaramar dabba ba ce fa. Fatarta aka riƙa jemewa ana haye Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko alhali daga nan ta fito. Fata ta tafi ta yi suna da sunan wasu, nama ya tsaya gida. Ni dai ban ga an cuce mu ƙwarai ba a wannan rabon.

Daga nan sai Wurno. Matasa da yawa sun san sunan a takardar jarrabawa kawai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ta a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, ya zauna cikinta, a nan ya rasu a 1837, kuma a nan kabarinsa yake. A 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yi makonni a garin, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ka ga ke nan garin da ka ke wucewa a mota kana danna waya ya taɓa zama inda ake yanke shawarar daula sukutum.

Abin da ke riƙe da Wurno yau fadama ce. Shinkafa, albasa, tafarnuwa. In ka zo lokacin da ake cire tafarnuwa, hancinka zai riga idonka sanin ka iso. Shi ya sa yajin garin yake da wani kauri na daban, ba a yi masa rowar tafarnuwa. Tuwon shinkafar da na ci da rana kuwa 'yar gida ce, wadda aka noma a bayan gari, ba ta buhun waje ba. Miyar sure aka zuba mini, abin da mutanen Kano ke ce wa yakuwa, da ɗan tsaminta da man shanu a kai.

Amma sarauniyar ranar hura ce. Eh, hura na ce, ba fura ba, muna ƙasar Sakkwato. Wata dattijuwa ce zaune ƙarƙashin bedi da ƙoranta a jere, an rufe kowace da faifai. Na gaishe ta, na ce, "Inna, a dama mini, amma a sa sukari da yawa." Ta ɗago kai ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, daga birni kaka hitowa ko? Wagga hura ba ta son sukari. Sha ka ji tukuna." Na sha. Jama'a, gero ya daku, ga citta ga kanumfari ga ɗan barkono can ƙasa-ƙasa, nonon kuma na safiyar ne. Ban ƙara ambaton sukari ba. Da na tashi biya na ce mata ta yi gaskiya, sai ta ce, "Awo, ai na sani." Ko murmushi ba ta yi ba.

Kwana na biyu na nufi Rabah, a bakin gulbin Sakkwato. Nan ne mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, kuma nan ya fara sarauta, aka naɗa shi Sarkin Rabah a 1934 kafin ya zama Sardauna a 1938. Karin kumallona masa ce mai zafi daga tanda, da ƙuliƙuli dakakke da yaji. Da hantsi na sami hoce, wanda yaran birni da yawa ba su ma taɓa gani ba: ƙullun dawa ne ake gasawa, ya yi ɓawo a waje, ciki da laushi da ɗan tsami. Abincin matafiya ne da manoma, yana kwana bai lalace ba. Da la'asar kuma dafaffen kudaku, dankalin Hausa ke nan ga waɗanda ba 'yan nan ba.

To a Rabah ɗin ne maganar ta same ni. Bayan sallar isha'i na je teburin wani mai shayi in sha kauri in ji hira. Ban kai rabin kofi ba na ga yana haɗa gwangwanaye, yana kashe wuta. Na duba agogo, ko tara ba ta yi ba. Na ce, "Maigida, lafiya? Yanzu fa dare ya fara." Ya ce, "Da ke nan." Kalma uku, ya ci gaba da kwashe kayansa.

Akwai wani tsoho a ƙarshen benci, da sandarsa tsakanin ƙafafu. Na matsa na ce, "Baba, da can ƙarfe nawa ake tashi?" Ya yi dariya, ya ce, "Tashi? Yaro, lokacin da muna samari, in kaka ta yi anka kai hatsi gida, wa ka tashi? Sai kiran assalatu."

Ya ba ni labarin dandali. Fili ne a tsakar gari, in farin wata ya fito kowa ya hallara. 'Yan mata da gaɗa a gefe guda, mai kalangu a tsakiya, samari suna kewaye. A bakin filin kuma masu abinci ne da 'yan fitilunsu na aci-bal-bal: mai tsire, mai ƙosai, mai rake, mai dafaffen ƙwai. In lokacin dambe ne, mahauta su zo daga garuruwa, makaɗa irin su Ɗan Anace, wanda ya wa Shago waƙa, su ne taurarin wancan zamani. Ya ce amma duk wannan ba shi ne abin da ya fi kewa ba. Abin da ya fi kewa 'yan kama.

Na san da yawa cikinku ba ku taɓa ganin ɗan kama ido da ido ba, to ku saurara. Ɗan kama mai barkwanci ne na gargajiya. Yakan yi shigar malamai ko ta manya, rawani ƙato, riga har ƙasa, ya ɗaure fuska kamar zai yi wa'azi mai sa kuka. Da ya buɗe baki sai ka ji komai ya koma tuwo da miya da nama. Ya ɗauki waƙar da makaɗin fada ya yi wa sarki, ya bar karin yadda yake, ya cire sarkin ya sa malmalar tuwo a wurinsa. Ya kwaikwayi alƙali yana shari'a tsakanin ƙosai da kunu. Mutane su yi ta faɗuwa don dariya, a yi masa kari, ya wuce wurin mai tsire ya kashe kuɗin a gaban kowa.

Tsohon ya ce akwai shekarar da wani mai karɓar haraji ya matsa wa mutane lamba, ba mai iya ɗaga murya. Ɗan kama ya zo dandali ya tsaya ya yi sanarwa da muryar sanƙira, wai daga yau kowace tukunya za ta biya harajin murfinta, kowane ludayi zai biya na wutsiyarsa, wanda kuma ya yi gyatsa ba izini za a ci shi tara. Bai kama sunan kowa ba. Kowa kuma ya san da wa ake. Har mutumin yana wurin, ya yi dariyar dole. Baba ya ce, "Abin da ba ka iya hwaɗi da rana gaban manya, ɗan kama ya hwaɗe shi da dare, kuma ba a kama shi, don wasa ne."

Na ce, "Baba, yanzu ina suke?" Ya ce, "Wasu sun mutu, ɗiyansu sun kama wata sana'a. Telebijin ta ci rabi, wayarku ta ci rabi. Abin da ya rage kuma tsoro ya ƙarasa shi." Sai ya tashi, ya ce in tafi masauki, kada in yi dare.

Kun san abin da yake nufi. Tun harin da aka kai Tabanni a gundumar Gandi cikin watan Yulin 2018, ƙasar Rabah ta shiga jerin wuraren da ake ambata a labarai don abin baƙin ciki. Mutanen da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe ba sa zaman dandali.

Kwana na uku Goronyo. Madatsar ruwan da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima ita ce rayuwar yankin: noman rani, ruwan sha har zuwa birnin Sakkwato, sai kuma kifi. Kai, kifi! Tarwaɗa da karfasa, ga soyayye an barbaɗa yaji, ga banda mai ƙamshin hayaƙi da ake ɗaurewa a kwali a kai birni. Na ci farfesun tarwaɗa a wata rumfa da ba ta da allon suna, benci biyu ne da tukunya ɗaya, har na manta da cokali. In za ka sayi banda, ka karya kaɗan ka duba ciki, ya zama a bushe, ka kuma sunsuna. Mai kyau hayaƙi za ka ji, ba wari ba.

Kasuwar Goronyo ranar Lahadi take ci. Kuma ranar Lahadi ce, 17 ga Oktoban 2021, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar suka kashe mutum fiye da 40. Allah Ya jiƙansu da rahama. Masu saye da sayarwa ne, irin mutanen da na zauna da su ina cin kifi. A wancan lokacin an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro. Mai rumfar ya ce mini a watannin nan, in kana son sanin wa ya dawo lafiya, wace hanya ce ke biyuwa, sai dai ka zo inda ake cin abinci ka tambaya. Waya ta mutu, benci ya koma aikinsa na asali. Wannan magana ta zauna mini.

Da na dawo gida na ba wani abokina labarin tafiyar. Yana karatu a ƙasar Polan, can Turai, a wani tsohon birni da ake kira Krakow. Da na zo kan 'yan kama sai ya ce, "Kai, ai mu ma muna da su a nan, amma nasu a rami suke." Na ce rami kuma?

Ga yadda abin yake. A bakin babban dandalin kasuwar Krakow akwai wani tsohon gidan masu sarauta da aka yi wa ado da kawunan raguna a saman ƙofa. A ƙarƙashin gidan akwai ɗakin ƙasa. A 1956 wasu matasa, ɗalibai da masu zane da mawaƙa, suka share ɗakin suka fara taruwa suna wasan barkwanci da waƙa. Sunan wurin Piwnica pod Baranami, ma'ana ɗakin ƙasa na gidan raguna. Jagoransu wani mutum ne mai suna Piotr Skrzynecki, shi ke gabatar da wasa har ya rasu a 1997. Lokacin da suka fara, ƙasar tana hannun gwamnatin kwaminisanci, wadda ke tace duk abin da za a buga ko a faɗa a bainar jama'a. Su kuma sai su ɗauko sanarwar hukuma ko wata tsohuwar takardar doka, su karanta ta da fuska a ɗaure, ko su rera ta kamar waƙa, jama'a su fashe da dariya. Ban ce muku irin aikin ɗan kaman Rabah ba ne? Gwamnatin ta faɗi a 1989. Ɗakin yana nan, har yau ana wasa a cikinsa.

Na san wani zai ce, ai wurin Turawa ne, akwai abin da suke sha a ciki wanda mu ba ma sha. Gaskiya ne, kuma ba kofinsu nake so mu aro ba. Abokina ya ce baƙo in ya zo Krakow, za a kai shi ya ci burodinsu mai kamar zobe da ake sayarwa a kan titi, a kai shi ƙananan gidajen abinci masu araha da suka rage tun zamanin kwaminisanci, sannan a nuna masa wannan ɗaki a ce ga inda iyayenmu suka yi dariya lokacin da dariya ke da haɗari. Abincin da wurin wasan duk cikin tarihin garin suke lissafa su.

Bambancinmu da su ɗaya ne da na gani. Nasu yana da bango da ƙofa da adireshi. Namu a fili yake, rufinsa farin wata. Wannan ne kyansa, ba tikiti, ba mai gadi, talaka da ɗan sarki duk wuri ɗaya. Wannan ne kuma rauninsa: ranar da dare ya daina zama namu, ba inda za a kwashe shi a kai. Mai tsire zai iya komawa sayarwa da rana. Ɗan kama fa? Wasansa na buƙatar taro, da nishaɗi, da mutanen da cikinsu ya cika hankalinsu ya kwanta.

Kuma kada mu ɗauka abin dariya kawai muka rasa. Gari yana buƙatar wurin da zai faɗa wa kansa gaskiya ba tare da an zare wuƙa ba. Tashe da yara ke yi daga goma ga watan azumi yana wannan aikin, ana tsokanar gwauro da marowaci da malalaci. 'Yan kama sun yi shi ga manya. Yau barkwancinmu ya koma TikTok da Facebook, kuma wasu yaran suna da basira ƙwarai, ban raina musu ba. Sai dai wanda ka tsokana a waya ba ya zaune kusa da kai yana cin tsire daga takarda ɗaya da kai. Shi ya sa na waya ke saurin zama zagi da gaba, na dandali kuma ya ƙare da musabaha.

To me za mu yi? Tsaro aikin hukuma ne, kuma ba za mu gaji da faɗa ba: mutanen gabashin Sakkwato sun cancanci cin kasuwarsu da kwanan gidansu cikin aminci. Amma akwai namu.

Na farko, wayar nan da ke hannunka tana ɗaukar murya. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da suka ga zamanin dandali, ka zauna ka tambaye su, ka nemi izininsu ka ɗauka. Wa ke wasa? Ina filin yake? Me ake sayarwa? Ni na yi kuskure, ban ɗauki muryar Baban nan na Rabah ba, hira ta ɗauke ni, har yanzu ina jin haushin kaina.

Na biyu, muna da namu ɗakin mai bango: zaure. In akwai sauran ɗan kama ko mai gambara a yankinku, ranar suna ko biki a gayyace shi da rana, a zaure ko a ƙofar gida, a biya shi da kyau kamar yadda ake biyan mai kayan sauti. Sana'ar da ba ta ciyar da mai ita, ɗansa ba zai gada ba.

Na uku, in Allah Ya kai ka waɗannan garuruwa, ka ci na gida. Ka sayi hurar Inna, ka sayi bandar Goronyo, ka yi tsarabar tafarnuwar Wurno. Amma don Allah ka tambayi 'yan gari halin da hanya ke ciki kafin ka tashi, ka yi tafiyarka da rana, ka bi shawarar direbobi. Ban aike ka ka je ka gwada jarumta ba.

Ke 'yar uwa da kike sauraro daga Wurno, kai ɗan uwa daga Gandi ko Achida ko Goronyo, ku kuka fi ni sanin garuruwanku. Wane abinci na tsallake? Wa ya taɓa ganin ɗan kama da idonsa, a ina, wace shekara? Ku turo mana saƙon murya, za mu sa wasu a kashi na gaba in sha Allahu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya dawo mana da darenmu. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.